Injiniya da Sifikun Marigayi Liman

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Alhamis a unguwarmu Obiagu da ke Enugu ba, ranar da na gane sunan Injiniya da ake kirana da shi na aro ne. Ni dai ban taɓa taka makarantar injiniyanci ba. Ɗan shago gare ni inda nake buga takardu da kwamfuta, ina tura wa mutanenmu karatu da wa'azi a waya. Amma a wurin masu turin baro da masu wankin takalmi, duk wanda ya iya farfaɗo da wayar da ta sume ai injiniya ne. Tun ina cewa a bari har na fara amsawa, daga baya ma in an kira ainihin sunana sai in ji kamar an rage mini wani abu.

A shekarar ne limaminmu, Malam Garba, ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta fita takaba, kuma washegari 'ya'yanta za su mayar da ita Arewa bayan ta shafe fiye da rabin rayuwarta a Enugu. Abu ɗaya ta roƙa kafin ta tafi, wato ta sake jin muryar Malam. Akwai wani tsohon kaset da ya ɗauki karatunsa a gida tun yana da ƙarfinsa, an riga an juye mini shi a kwamfuta. Na tura a waya aka kai mata. Ta kara a kunne jim kaɗan, ta miƙo wayar.

"Ɗan nan, wannan ba Malam ba ne," ta ce. "Muryar Malam daga ƙirji take fitowa. Wannan kuwa kukan sauro ne a gwangwani."

Nan ne Baba Sale ya sa baki. Tsohon mai gyaran rediyo ne, aminin marigayi, yanar ido ta rufe masa gani har ya ajiye sana'a. Ya ce a ciro amfilifaya da sifikun da Malam ya yi tafsirin azumi da su shekaru aru-aru, a haɗa su da kwamfutata.

Aka fito da su tsakar gida. Akwatunan katako ne guda biyu, kowanne ya kai mini ƙugu, ƙarti biyu na nishi kafin su ɗaga ɗaya. Amfilifayar kuwa fuskarta ta ƙarfe ce mai sheƙi, da wasu allurai biyu a bayan gilashi. Gaskiya sun burge ni. Amma ga dattawa sun cika tabarmi, ga mata a ƙofar ɗakin Inna, kowa ni yake kallo (ni kuma na sha farin yadi, har da biro a aljihu), sai bakina ya riga hankalina.

"Baba, waɗannan ai sai gidan tarihi," na ce.

Baba Sale bai yi fushi ba. Ya ce, "To Injiniya, riƙe mini abu uku. Kada ka sa wayar haɗinka a ramin farko na bayan amfilifayar, na garmaho ne, abinci kaɗan yake ci. Ka mayar da murya ƙasa tukuna kafin ka kunna. In ka kunna kuma ka jira ta, ba ta amsawa nan take."

Na ce to, to, irin to ɗin da ake yi wa tsoho don ya yi shiru. A raina na ce rami ai rami ne. Na zagaya baya, na ga ramuka reras duk iri ɗaya, na soka waya ja da fara a na farko saboda shi ya fi kusa da hannuna. Ɗayan bakin na cusa a kwamfuta, na danna karatu, na kunna amfilifaya. Fitilarta ta kama, amma shiru.

Mai gyaran waya kuwa magani ɗaya ya sani in abu ya yi shiru, ƙara murya. Na kama ƙaton mamurɗin murya na juya shi har ya tsaya. Ina ɗago kai don in ce, "Ai na faɗa muku ta mutu," sai na ji ƙyas daga cikinta.

Abin da ya biyo baya ban san sunansa ba. Wani ruri ne ya fito daga akwatunan nan, kwanon rufi ya ɗauki rawa, na ji shi har cikin hanjina. Duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san ƙarar da taransifoma ke yi in za ta fashe, kuma ya san ba a tsayawa tambaya. Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na tsallake dattawa biyu, na yi ƙwallo da butar ladan, na bar takalmi ɗaya a kan tabarma. Ban san na kai bakin titi ba sai da na ji muryar maƙwabciyarmu Mama Nkechi, tana suyar ƙosai tana dariya.

"Engineer, na you run pass everybody? Who go off am?" Wato ni ne na fi kowa gudu, to wa zai kashe ta?

Na waiga. Ni kaɗai na fito. Kuma ƙarar ta riga ta ɗauke.

Komawar nan ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi, ga ƙafa ɗaya ba takalmi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma tsoro ya fi kunyar yawa. In na ƙona sifikun nan, shi ke nan Inna za ta tafi ba ta ji abin da ta roƙa ba, kuma ni ne sila.

Na tarar da Baba Sale a durƙushe, shi ya laluba ya kashe. Ya sunsuni bayan amfilifayar, ya cire rigar sifikun ya dinga shafa su a hankali da yatsu. Can ya ce, "Da sauran kwanansu." Ya kai hannu baya yana ƙirga ramuka da yatsa, ya zare wayata ya mayar da ita na uku. Ya sauke murya, ya kunna, ya naɗe hannu. Bayan ɗan jim aka ji ƙyas, sannan ya ɗan murɗa kaɗan, kaɗan ƙwarai.

"Injiniya, danna naka," ya ce.

Na danna, Malam Garba ya yi gyaran murya.

Wallahi sai da na waiga ƙofar zaure. Muryar ba ta yi kama da wadda ke fitowa daga na'ura ba, zaune take a tsakaninmu, da kaurinta da wannan 'yar rawar da take yi in ya ja madda. Na saurari karatun nan a waya ya fi a ƙirga, ban taɓa jin numfashinsa ba sai ranar. Muka ji buɗe shafi, muka ji wani zakara da ya daɗe da shiga tukunya yana cara daga nesa. Alluran nan biyu suna ɗagawa suna sauka tare da shi. Ladan ya rufe fuska da hannun riga.

Da ya kai ƙarshen surar ya yi addu'a, sai shiru. Na miƙa hannu zan tsayar, don a sanina nan kaset ɗin ya ƙare. Baba Sale ya riƙe mini hannu. Ashe akwai saura, da wata ƙaramar murya da waya ba ta taɓa fitarwa ba, irin wadda mutum ke yi a cikin gidansa.

"Ladi, taimaka mini da ruwa."

Ba wanda ya san wata Ladi a gidan. Sai muka ji daga ƙofar ɗaki, "To, Malam." Inna ce, har ta dafa gwiwa za ta miƙe. Sannan ta tuna, ta koma ta zauna a hankali, hawaye na zuba tana murmushi.

"Shi ne," ta ce. "Yanzu kam na ji shi. Allah Ya yi muku albarka."

Na san rabona a wannan albarka bai wuce na wanda ya danna maɓalli ba, amma na amsa da amin har cikin zuciyata. Washegari da sifikun da amfilifayar aka ɗaure mata kaya, Baba Sale ya shafa jan farce a bakin rami na uku don kada wani injiniyan ya sake.

Har yau ana kirana Injiniya, sai dai masu tsokana sun ƙara da "mai takalmi ɗaya". Ni kuma tun daga ranar, in na yi wa tsoho magana ya yi shiru, mutum ne ko na'ura, ba na ɗaga murya. Hannu nake naɗewa in jira, takalmana duka biyu a ƙafa.