Abin da Ya Fi Nauyi a Gidan Tabawa

A ƙauyen Kwarin Marke akwai wata mata ana ce mata Tabawa. Mutum uku ke wuyanta: 'ya'yanta mata biyu, Zulai da Asabe, sai wanta Tunau. Mijinta Haladu direban tirela ne, sai ya yi wata bai ga ƙofar gidansa ba. Shi Tunau ya haura shekara arba'in, ga jiki kamar buhun gero, ga zuciya fes, sai dai duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Tun rasuwar iyayensu yake hannun Tabawa. Ita ce ƙanwa, ita ce uwa, kuma ta gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Makarantar yaran tana ƙetaren rafi, da damina kuwa ba mai tsallakawa sai wanda ya gaji da duniya. Da yake Tabawa ta ɗan taɓa karatun malanta kafin aure, sai ta zaunar da su a gida tana koya musu. Ta kuma sa su a wani darasin injiniyanci da ake turowa ta waya. Wata malama, Injiniya Rahila, za ta yi bayani a bidiyo, yara su ƙera abin da hannunsu, su ɗauki hoto su tura mata. Haladu bai ga kan wannan lamari ba. Ya ce zai dawo ƙarshen wata, in bai ga abin a-zo-a-gani ba zai kwashe yaran ya kai su wurin yayarsa a Gusau. Tabawa ta san in suka tafi, sai dai ta riƙa ganinsu daga sallah zuwa sallah.

Wata rana aka turo sabon darasi. Ƙauyen kuwa babu sabis sai a kan dutsen da ke bayan gari, ga Tabawa da tuwo a wuta. Ta miƙa wa Tunau wayar ta ce, "Yaya, hau dutse da wannan, ka sauke mana darasin yau." Ta nuna masa inda zai danna, amma shi kalmar saukewa kaɗai ta shiga kunnensa. Ya hau har ƙoli, ya naɗa gammo, ya aza wayar a ka, ya riƙa saukowa da ita taku ɗaya-ɗaya kamar mai ɗauke da tulu. Sai bayan la'asar ya iso, ya durƙusa ya ce a kama masa. Tabawa ta duba, babu komai a ciki. Ta ce, "Ina darasin?" Ya ce, "Ai na sauke shi, ko girgiza bai yi ba." Ta sauke tukunya, ta ja mayafi, ta hau dutsen da kanta.

Wata rana kuma wayar ta ɗauke ana tsakiyar darasi. Tabawa ta ce, "Yaya, ta mutu, kai ta caji." Nufinta shagon mai sola da ke bakin kasuwa. Tunau ya wuce shagon ko kallo, ya miƙe hanya har garin gaba, ya shiga caji ofis ya ajiye wayar a kan kanta. Ɗan sanda ya ce, "Laifin me ta yi?" Tunau ya ce, "Mutuwa ta yi, ranka ya daɗe." Ɗan sandan ya ce, "Wa ya kashe ta?" Tunau ya ce, "A hannun ƙanwata dai ta cika." Washegari da labari ya iso cewa an tsare shi, Tabawa ta tako wannan tafiya da ƙafa ta yi bayani, 'yan sanda na ta ƙunshe dariya. Ta karɓo wayarta da wanta, kwana biyu na karatu sun tafi a banza.

Wata rana darasi ya zo kan lantarki. Da ƙyar Tabawa ta samo batir da ƙananan ƙwan tocila guda biyu, ta jera wa yaran a faifai. Aka kira su ɗibar ruwa, suka tashi suka bar bidiyon yana magana. Tunau na zaune ya ji malama ta ce, "Yanzu sai ku sa wa ƙwan wuta." Ya duba hagu ya duba dama, ba kowa, ya ga bai kamata a bar malama tana jira ba. Ya kwashi ƙwan biyu ya tura su cikin garwashi. Su Tabawa na shigowa suka ji fus, fus. Asabe ta fashe da kuka. Tabawa ta dire bokiti, ta tsaya tana kallon murhu, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce, "Yaya, wallahi duk gidan nan babu abin da ya fi ka nauyi." Tunau ya gyaɗa kai, ya adana maganar kamar yadda yake adana kowace. Ita kuwa tun kafin ta rufe baki ta yi nadama, amma gajiya ta hana ta janyewa.

Wata rana aka turo aikin ƙarshe. Malama ta ce a ƙera gada, a kafa ta a kan duwatsu biyu, a ɗora mata abin da ya fi komai nauyi a gida, a ɗauki hoto. Mako guda Zulai da Asabe suna yankan gwangwala, suna ɗaure ta da igiyar rama, suna jera ta kusurwa uku-uku kamar yadda aka koya musu. Hannunsu duk ya yi kanta. Gadar ta fito kamu huɗu, suka kafa ta a tsakar gida. Tabawa ta gargaɗi Tunau kada ya taɓa igiya, kada ya taɓa wuƙa, kada ya taimaka da komai. Da Zulai ta ce a ɗora turmi, uwar ta ce a'a, ƙaramin bokiti ya isa. Tsoro take ji, don in gadar ta karye a gaban Haladu, magana ta ƙare.

Ran Juma'a da hantsi Haladu ya iso. Ya ci abinci, ya fito ya zauna a tabarma, ya dubi gadar da bokitin da ke kanta. Ya ce, "Wannan ne karatun? Ai mu ma mun yi motar kara muna yara. Tabawa, ki haɗa musu kaya, jibi za mu wuce." Yaran suka sunkuyar da kai.

Sai ga Tunau ya taso daga gindin bango. Ya sauke bokitin, ya tuɓe takalmi, ya taka gadar, ya je tsakiyarta ya tsaya. Gwangwala ta yi ƙara. Tabawa ta rufe ido ta ce, "Yaya, don Allah sauko." Ya ce, "Malama ta ce a ɗora abin da ya fi nauyi a gida. Ke kuma kin ce ni ne." Kunya ta rufe Tabawa. Da ta buɗe ido, gadar na nan yadda take, Tunau na bisa.

Haladu ya tashi ya zo ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa ɗaurin. Shekara ashirin yana bi ta kan gadoji da kaya, ya san wannan jeri na kusurwa uku a jikin gadar ƙarfe. Ya ce, "Wa ya tsara wannan?" Zulai ta ce, "Mu ne, Baba." Ta nuna masa yadda nauyi ke rabuwa ya sauka kan duwatsun, Asabe na cike mata inda ta tsallake. Haladu ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "Tabawa, bar haɗa kayan. Ƙwan tocila nawa kika ce ana buƙata?"

Zulai ta ɗauki hoto. Tunau dai bai motsa ba, yana kallon ƙafafunsa. Ya ce, "Tabawa, kin gani? Ashe ina ɗaukuwa." Hawaye suka zubo mata, ta kama hannunsa ta sauko da shi a hankali.

Saura a tura wa malama hoton, sabis kuwa sai kan dutse. Tabawa ta buɗe baki za ta aike shi, sai ta tsaya ta auna maganar tukuna. Ta ja mayafinta ta ce, "Yaya, sa takalminka, zo mu hau tare."