Saniyar da Nadabo Ya Ce a Yanka

Wani mutum ne a unguwarmu, Malam Nadabo, da ana gasar cika baki da shi zai ci kofi. Cewa yake kunnensa ko tafiyar tururuwa yana ji, ya faɗa maka mace ce ko namiji.

To bana matasa suka shirya bikin fasaha. Iska ta yaye rufin ɗakin taron, suka ce ba fashi, suka dawo da komai ƙofar maƙera, kowa ya kawo abin da ya iya. Nadabo ya ƙwallafa rai sai ya zama shugaban alƙalan bikin. Duk inda ya zauna: "Ni na raya bikin nan! Taro nawa aka yi, idona biyu, ko gyangyaɗi ban taɓa yi ba!"

Ranar zaɓen alƙalai, wata ɗaliba, Laure, ta kawo aikinta. Sautukan unguwa ta bi ta naɗa a waya, ta ce jama'a su canka. Nadabo ya yi zumbur ya karɓe lasifika.

"Ku huta, yara. Saki, 'yata!"

Ƙwal! Ƙwal!

"Maƙerar Sanda!"

Tafi raf-raf. Aka saki na biyu, ya ce injin markaɗe. Nan ma daidai. Kai ya kumbura, ya karkace hula.

Sai na uku: gurrrr... fiiii... gurrrr... kwak!

Nadabo ya runtse ido, ya girgiza kai don tausayi.

"Saniya ce. Tsohuwa, mai ciwon huhu. Ta ci leda, cikin ya kumbura. Mai ita ya ji tsoron Allah ya yanka ta kafin la'asar, kada ta yi mushe!"

Laure ta ce, "Baba, a bar shi haka, mu wuce na gaba."

"A wuce ina? Ƙaro murya kowa ya ƙaru!"

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Laure ta ƙara murya. Gurnani ya ci gaba, sai ga maganar mai unguwa tar a ciki: "Malam Nadabo, tashi mana, an gama taro."

Saniyar ta yi kwak, ta ce, "Iye? An kawo tuwon?"

Wuri ya kece da dariya, har da masu faɗuwa daga benci. Nadabo ya nemi hanyar sulalewa, sai ga Sarkin Fawa ya tare shi yana wasa wuƙa.

"Malam, la'asar ta kusa. A nan za ka kwanta, ko sai mun je mayanka?"