Rasuwar Sha-Duka, Matashin Kafaɗata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Babayo mai takalma nake sanar da 'yan'uwa 'yan kasuwa mazauna Guangzhou, da mutanen garinmu na bakin kogin Gongola, rasuwar abokina kuma garkuwata, Sha-Duka, matashin da nake ɗaurawa a kafaɗar dama idan zan harba babbar bindiga. Ya rasu ranar Talata da hantsi a masaukinmu na Liuhua Lu, bayan doguwar jinya, a ƙarƙashin dutsen guga.

Na san akwai mai cewa don ɗan guntun roba ake wannan kuka. To, ku bari in gama kafin ku yi dariya, ni dai tun ranar Talata ban ga abin dariya ba.

An haifi marigayin a nan Zhanxi Lu, cikin kasuwar takalma. Ni kuwa, mahaifinmu ya yi aikin gandun daji a gida, ya bar mini bindigogi biyu da takardunsu: ƙaramar .375, babbar .458. Ranar da na fara harba babbar, shurinta ya gurɗe mini kafaɗa, na wuni a hannun mai ɗori ina ihu duk unguwa na ji. Kafaɗar ta warke, amma ba ta manta ba. Tun daga ranar, kafin yatsana ya taɓa kunama ita ta riga ta zabura, harsashi ya tafi inda ya ga dama. Ana haka, da na zo sarin kaya, na zana wa wani tsohon laoban, wato mai shago, mai haɗa takalma abin da nake so a jikin kwali. Ya jera robar tafin takalmi hawa uku, ya lulluɓe da fata, ya danna da babban yatsa ya ɗaga mini kai. Maiɗakina Hasiya ce ta ɗinka masa igiya.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha dukan da ya kamata ƙashina ya sha, bai taɓa ƙorafi ba. Ba shi da yawan magana. Idan na ja igiyarsa na ɗaure sai ya ce ƙiiƙ, wato ya zauna daidai. Idan babbar ta yi tsawa ta dawo da gindinta kaina, sai ya ce fuf, shi ke nan ya shanye. Saboda shi nake iya barin idona a buɗe har harsashi ya fita. Saboda shi mutanen garinmu suke cewa Babayo ba ya kuskure, ni kuma nake gyara tsayuwa ina amsa gaisuwa.

Yanzu ga abin da ya sa rashin nan ya zo mini a mugun lokaci. Wata dorina ta addabi mashigar garinmu. Ta cinye shinkafar fadama, ta kife kwalekwalen Abdulbaƙi masunci, da ƙyar aka ciro shi, kuma ba da ƙafarsa ta hagu ba. Mata sun daina wanki a bakin ruwa. Hukuma ta ba da izinin harbe ta, takardar kuwa da sunana ta fito. Ƙanena Illa shi zai tuƙa kwalekwalen, domin tun muna yara shi ke riƙe filafili ni ina gaba. Gari duk yana jiran in sauka daga jirgi. Wallahi ina jin tsoro. Dorina ba barewa ba ce da za ka kuskure ta gudu. Wurin da za a same ta ta kwanta bai wuce girman lemo ba, tsakanin ido da kunne, kuma idan ka sa mata harsashi a wani wuri daban, kanka za ta yo da baki buɗe.

Ciwon ajali ya fara ne da tsagewa a gefe. Ganin haka na ɗauko shi zuwa ƙasar waje neman magani, kamar yadda manya suke yi, na ce wanda ya haife shi shi ya san maganinsa. Na isa shagon na tarar tsohon ya koma ƙauyensu, wata baiwar Allah ce ke sayar da silifas a wurin. Na zaga shago shago ina nuna majinyacin, kowa meyo, meyo, babu. Wani ya tambaya da hannu na mene ne. Ni kuma, don rashin yare, na ɗaga hannu biyu na kwatanta saiti na ce bum. Haba! Mutumin nan ya ja baya, fuskarsa ta canja, ya soma laluben waya. A ƙasar da ko sunan bindiga ba a son ji! Na tattara majinyacina na fice ban waiwaya ba.

Sai kuma lokacin laimar nan ya shigo, wanda bangon ɗaki ke gumi, wanki ya ƙi bushewa. Marigayin ya yi funfuna, gam ɗinsa ya fara saki. Abokin zamana Barmo, mutumin Maraɗi, ya ga halin da yake ciki, tausayi ya kama shi, ya ce bari ya busar mini da shi kafin in dawo daga wajen masu kaya. Ya ɗora masa dutsen guga, aka kira shi a waya. Barmo ya shaida cewa maganar marigayin ta ƙarshe ita ce tsss. Na yafe wa Barmo, amma kada ya sake yi mini gaisuwa, ta isa haka.

Masu ta'aziyya sun ce a yi sabo mana, ai garin roba muke. Allah Ya saka da alheri. Sabo kaurinsa daban, kuma da kauri ya canja ko da na yatsa ne, zaman bindiga a kafaɗa ya canja, inda ido ke faɗawa ya canja. Sai an yi ta harbi da shi kafin jiki ya yarda, a ina zan yi wannan a Guangzhou? Sandar mofa nake ɗagawa a ɗaki ina saitin makunnin fitila, kuma ko ita kafaɗar nan zabura take yi.

Saboda haka rasuwar ta bar ni da zaɓi. Wani cikin masu ta'aziyya, Alhaji Sharfaddeen, wanda ko kaza bai taɓa yankawa da kansa ba, ya dage in ɗauki babbar, wai babbar dabba sai babban harsashi, namiji ya cije kawai. Gaskiya ne babbar ce ke tsayar da dorina in ta taso. Amma in babu marigayin na san abin da zai faru: zan runtse ido, harsashi ya faɗa ruwa, Illa yana bayana. Ƙaramar kuwa ina iya riƙe shurinta da kafaɗa tsirara, inda na duba nan take zuwa. Sai dai ba ta yafe kuskure, dole Illa ya matsa da mu kusa, kusan da za mu ji hucin hancinta. Na zaɓi ƙaramar. Na faɗa wa Illa a waya, ya ce to Yaya, Allah Ya kai mu.

Marigayin ya rasu ya bar kafaɗata ta dama, wadda ke takaba. Da babbar bindiga, wadda ba mai sake kusantarta. Da Hasiya, da ban gaya mata ba tukuna, ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya kama bakinsa. Da Illa, da 'ya'yan Illa huɗu.

Tsarin jana'iza: ba za a yi masa salla ba, roba ce, mun sani. An sa gawar cikin kwalin takalmi mai lamba arba'in da uku, za ta bi kayan jirgi daga filin jirgin Baiyun ranar Alhamis, ni ina biye. Ana karɓar gaisuwa a ɗakinmu na Liuhua Lu bayan la'asar, ban da shawara. Za a binne shi a bakin mashiga, gindin bishiyar da masunta ke shanya taru, bayan mun fito daga ruwa. Na ce wa Illa ya sa a haƙa ramin tun yanzu don a rage aiki. Ya ce a'a Yaya, a bari tukuna mu ga girman ramin da za a buƙata.