Akwatin Rasit a Shagon Manaja

"A duk unguwar nan," in ji Manaja, yana buga ƙirji da cokalin shayi, "babu mahalukin da ya san inda ake ɓoye kuɗi a cikin rasit kamar ni. Ko a barci aka miƙo min, zan shinshino shi."

Maman Tagwaye ba ta musa ba. Shekara goma sha shida tana auren mutumin nan, wannan ce gaskiya ta farko da ta ji ya faɗa ba tare da ya ƙara mata gishiri ba.

Bari in gabatar maka da shi. Manaja yana da shagon buga takardu, inji ɗaya, kujera biyu, ma'aikaci ko ɗaya babu. Shi ne manaja, shi ne mai shara, shi ne kuma wanda manajan ke yi wa faɗa. Rasit ɗinsa ruwan ɗorawa ne, dogo kamar takardar asibiti. Za ka tambayi farashi ya ce ɗari. In ka zo karɓa sai ka tarar ɗarin ta hayayyafa: kuɗin ɗumama inji, kuɗin gaggawa ko da ba sauri kake ba, kuɗin zama in ka zauna, kuɗin tare hanya in ka tsaya.

To, ana nan sai wata jam'iyya ta fito da alƙawarinta na zaɓe: in ta ci, za ta haramta duk wani ƙarin kuɗi na ɓoye. Abin da aka rubuta a jikin kaya, shi za a biya, ba kuɗin wannan ba kuɗin wancan. Mutane suka yi na'am, musamman iyaye mata masu ƙirga canji a ƙofar kanti gabansu na faɗuwa. Manaja ma ya yi na'am, amma shi don ya ji ana neman wanda za a ba aikin buga duk takardun kamfen na gundumar.

Aikin nan shi Maman Tagwaye ta sa a rai. Tagwayen za su shiga sakandare, komai bibbiyu, takalmi huɗu, ga injin shagon yana tari kamar tsoho. Ta roƙi mijin ya je ya gaida Shugabar jam'iyya, ya faɗi farashinsa, ya dawo gida bakinsa a rufe.

Ya tafi, ya dawo da akwati a kai.

Shawara ya ba su, wai. A ajiye akwati, duk wanda aka cuta ya jefa rasit ɗinsa, ranar gangami Shugaba ta zaro ɗaya ta karanta a lasifika, a kunyata mai shagon a gaban jama'a. Shugaba ta yaba, ta garƙame akwatin da kwaɗo, ta jefa makullin a jakarta, ta ce tunda shi ya kawo dabarar a ajiye a ƙofar shagonsa.

"Baban Tagwaye," in ji matar a hankali, "ka tuna kai ma kana ba da rasit?"

"Nawa ai ba ɓoyayye ba ne. A rubuce yake."

"Bayan an gama aikin kake rubutawa."

Ya ce mata siyasa ba aikin mata masu fargaba ba ce.

Bayan kwana uku ya leƙa ta ramin akwatin da fitilar waya. Ciki ruwan ɗorawa ne fal, kamar an zuba furanni. Ashe jama'a ba sa ko wahalar da kansu: su karɓi aiki, su karɓi rasit, su yi taku biyu, su jefa, har su yi masa sai anjima.

Ya fara da siririyar wayar ƙarfe da cingam a bakinta. Ya yi rabin yini yana kamun kifi, ya fito da rasit ɗaya tak, na mai gyaran takalmi, wayar kuma ta karye a ciki. Ya koma tare mutane a hanya yana sayen rasit ɗinsa kafin su jefa. Wata tsohuwar malamar makaranta mai guda bakwai ta yarda ta sayar, ta faɗi farashi, ya miƙa. Sai ta ce saura kuɗin buɗe jaka, da kuɗin tsayuwa a rana. Ya biya. Ta ƙirga, ta gode, ta zaro na takwas daga aljihu ta jefa a akwatin.

Daga nan ne babbar dabarar ta zo masa. In ba za a iya fitar da nasa ba, sai a nutsar da su. Ya ƙirƙiro kanti da ba shi a duniya, Kantin Ci-Ka-Ƙoshi, ya buga masa farin rasit ɗari huɗu, ya cika su da ta'asa: kuɗin kallon kaya, kuɗin inuwar rumfa, kuɗin amsa gaisuwa. Ya dinga cusa su yana dannawa da rula har akwatin ya ƙi karɓa. Maman Tagwaye ta tambaye shi kuɗin takardar da ya ɓata, ya ce jari ne.

Ranar gangami ta zauna can baya kusa da ƙofa, don in abu ya lalace ta riga kowa fita. Shi kuwa yana kan dandamali, ya sha guga, yana gyara wa Shugaba lasifika ba a sa shi ba.

Shugaba ta buɗe kwaɗo, ta sa hannu, ta zaro fari. Manaja ya kashe wa matarsa ido daga nesa. Da aka karanto kuɗin amsa gaisuwa, ɗakin ya ɗauki hayaniya. Maza suka miƙe suna tambayar ina kantin yake, a je yanzu. Babu wanda ya taɓa ganinsa. Manaja ya ce ai irin waɗannan azzaluman ƙaura suke yi kullum.

Shugaba ta sa tabarau. Ta ce abin da jam'iyyarsu ke koya wa jama'a ke nan, a riƙa karanta ƙananan rubutun da ke can ƙasa. Ka san masu buga takardu, ko katin gayyata suka buga sai sun liƙa sunansu a gindi, hannunsu ba ya iya bari. Ta karanta a lasifika, dalla-dalla: "An buga a Maɗaba'ar Manaja. Aikinmu ba ya ɓuya."

"Ranki ya daɗe, bugawa kawai na yi," in ji shi, gumi na bin wuyan rigar. "Wata mata ce ta kawo aikin. Muguwa ce, ko fuskarta ba na son tunawa."

"To ga lambar wayar kantin a sama. Bari mu gaisa da muguwar." Ta danna lambar, ta kara wayarta a lasifika.

Lamba biyu Manaja ya haddace a rayuwarsa, kuma bai sa tasa ba.

Jakar Maman Tagwaye ta fara kiɗa. Kawuna ɗari suka juyo. Ta so ƙasa ta tsage, ta tuno 'ya'yanta da abin da za a faɗa musu a makaranta gobe. Ta ɗaga wayar, muryarta ta fito ta lasifika.

"Ranki ya daɗe, ni ko tire ban taɓa kasawa ba. Ki kifar da akwatin, ki ga na ƙasa."

Aka kifar. Fararen suka watse, masu ruwan ɗorawa suka biyo baya kamar ruwan sama. Jama'a suka hau dandamali kowa na neman nasa. Tsohuwar malama ta karɓi lasifika ta karanta kuɗin ɗumama inji, wani ya tambaya daga baya ko da bargo ake lulluɓa shi.

Aikin kamfen dai wani mai shago a tsallaken titi aka ba. Maman Tagwaye ta yi kwana biyu ba ta ci abinci da daɗi ba, tana lissafin takalma. A rana ta uku Manaja ya shigo gida da kafaɗa a sama, ya ce ta daina kuka, jam'iyya ta dawo ta ba shi aiki: fosta dubu.

Ta bi shi shago da sauri. Inji na tari yana tofo su ɗaya bayan ɗaya. Hotonsa ne, yana kan dandamali baki buɗe, rasit manne a kafaɗa, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: KU ZAƁE MU, MU RABA KU DA IRINSA.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye shi nawa za su biya.

"Kyauta ne, a madadin mayar wa mutane kuɗinsu," in ji Manaja, yana ɗaga ɗaya sama yana duba ta a haske. "Amma ki duba ingancin aiki. Har gumin ya fito."