Ranar Da Na Kai Ƙarar Masu Ɗauke Min Aiki

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na miƙe a gaban baƙo na tona wa kaina asiri da bakina. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar koyon aikin lafiya ba, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye da ke kan hanyar Riruwai. Na tafi da takardata da girman kaina (girman kan ya fi takardar nauyi). Na tarar da Malam Sabo shugaban asibitin, da Sista Larai, da Inna Hajara, tsohuwar ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin garin. Ba a riga an tabbatar da ni a aiki ba, sai mai duba aiki daga ƙaramar hukuma ya zo ya ga ƙwazona tukuna. Don haka na zage. Ni ce fita rigakafi rugagen Fulani a bayan babur, akwatin allura a cinyata. Ni ce kuma mai yi wa mata bayani ranar awon ciki. Ku zo ku ji ni ina jero musu alamomin shigar ciki, kasala, tashin zuciya, yawan barci, kwaɗayi, har da ɗaga yatsa kamar wata babbar likita.

Damina na kankama sai abubuwa suka fara canjawa. Wata safiya na duba allon aiki, babu sunana a masu fita rigakafi. Sista Larai ce a gurbina, matar da kullum take kukan ciwon gwiwa. Na yi magana, ta ce, "Ƙyale ni, ƙanwata, iska nake so in sha." Iska! A hanyar da babur ke zamewa a taɓo sau goma kafin a kai.

Aka kawo wani manomi da fartanya ta sare shi a ƙafa, na tashi zan wanke ciwon, Malam Sabo ya ce min, "Bar shi, zan yi." Na ɗauki bokitin ruwa, Inna ta fizge. Hatta abincin rana da muke haɗuwa mu ci a faranti ɗaya ya canja. Inna ta daina kawo miyar kukarta mai daddawa, sai kwaɗon rama mai tsami, ta turo gabana ta koma gefe tana kallona ina ci (kuma ina cinyewa tas, kar ku ce na ƙi).

Ni kuwa na gama yanke hukunci. Sun raina ni ne. Sun ga 'yar birni, sun haɗa baki za su mayar da ni 'yar kallo, mai duba aiki ya zo ya buɗe littafi ya ga wata guda ban fita ko'ina ba, ya ce malalaciya ce. Raina ya ɓaci sosai, har kuka na yi a bayan ɗakin magani. Ga shi a lokacin ba na jin daɗin jikina, kullum ina gyangyaɗi a kan tebur ina shan maganin ulsa da na rubuta wa kaina. Shekarata uku da aure shiru, lissafin watana kuma dama bai taɓa tsayawa daidai ba, don haka tunanina bai je ko'ina ba.

Ranar Larabar mai duba aikin ya iso, wani dattijo mai farin gemu da muke kira Alhaji. Muka zauna a baranda, ga marasa lafiya a kan benci suna jiran a gama. Da ya ƙare duba littattafai ya ce, "To, akwai mai ƙorafi?"

Na miƙe. Har da takarda na rubuto, shafi biyu!

"Ranka ya daɗe, ana danne ni a asibitin nan." Na karanto komai, tun daga babur har bokiti. Kwaɗon rama ma sai da ya shiga. Malam Sabo ya sunkuyar da kai yana wasa da biro, Sista Larai ta rufe baki da gefen mayafi. Na ce a raina, yauwa, gaskiya ta kama su.

Alhaji ya juya ya ce, "Inna, ke ce babba. Me ya faru?"

Inna ta dube ni ta ce a hankali, "'Yata, zo mu shiga ciki, mu yi maganar mu biyu."

Da na bi ta, da na tsira da mutuncina. Ina! Na ce, "A'a, Inna. A gaban kowa aka yi min, a gaban kowa za a faɗa."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhaji, yarinyar nan juna biyu gare ta. Ya kusa wata uku. Mu ɗora ta a babur a hanyar nan?"

Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na ce da ƙarfi, "Wa? Ni?"

Wata Bafulatana da ke kan benci, wadda jiya-jiya na gama koya mata alamomin ciki, ta tuntsire da dariya ta ce, "Ai mu ma mun gani, Malama."

Wallahi ban san lokacin da na tsinci kaina a ɗakin haihuwa ba. Inna ta biyo ni da abin gwaji. Layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro. Na zauna a bakin gado ina kuka, rabi na murna rabi na kunya.

"Mu mun ɗauka kin sani," in ji Inna. "Mun ce kunyar cikin fari ce ta hana ki faɗa. A nan ba ma tsare mutum da tambaya. In mun ga ya yi nauyi, sai mu rage masa kaya mu yi shiru."

Sista Larai ta shigo tana ɗingishi ta zauna kusa da ni. Sai a lokacin na lura da gwiwarta, ta kumbura sumtum. Wata guda tana hawa babur a madadina, ni kuma na saka mata da shafi biyu. Na kama hannunta, ta ce, "Share hawayenki, ki ba ni takardar nan in kunna risho da ita."

Alhaji da zai tafi ya leƙo ta taga ya ce, "An karɓi ƙorafi. Allah ya raba lafiya."

An tabbatar da ni a aiki, kuma Inna ce ta karɓi haihuwar 'yata. Yanzu ni ma in na ga sabuwar ma'aikaciya ta fara gyangyaɗi tana yatsina fuska in ta ji warin daddawa, sai in goge sunanta daga allon fita. Amma kafin in goge, ina jan ta ɗaki in miƙa mata abin gwaji, don na gano ba duk mai koya wa mata alamomin ciki ce ta san nata ba.