Ƙasar Sin a Cikin Finjali Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ƙasar Sin ta kunyata ni a tsakiyar Madina, alhali ko ƙafata ban taɓa sawa can ba.

Muna ajin ƙarshe na sakandare a unguwar Harra ta Gabas, malamarmu Abla Safiya ta ba mu bincike kan al'adun Sin da yawon buɗe ido, ta ce kowa ta zaɓi abu ɗaya ƙarami. Ƙawata Hauwa ta ɗauki taliya. Ni kuwa uwar iyayi na kwaso babbar ganuwar Sin, jiragen ƙasa, siliki, sarakuna, har da dabbar panda. Makin nan nake nema ido rufe, don shi zai gyara mini sakamako.

"Ya binti, taura biyu ba ta taunuwa," in ji Abla. "Ki rage."

"Wallahi duk na sani, Abla." (Allah ya yafe mini.)

Ranar gabatarwa Abla ta gayyato wata Musulma 'yar Sin da mijinta ke karatu a nan. Ta zo da butar shayinta, aka zaunar da ni kusa da ita, tunda ni ce masaniya.

Ta zuba mini. Ba sukari, ba na'ana'a, sai ɗaci. Na runtse ido na shanye, na girgiza finjalin kamar yadda muke yi da gahawa in mun ƙoshi. Ta yi murmushi ta sake cikawa. Na shanye, na girgiza da ƙarfi. Ta cika. Ashe a wurinsu in ka shanye ƙari kake nema, wanda ya ƙoshi barinsa yake a cike. Haka muka yi ta yi har butar ta ƙare.

Sai aka kira sunana in gabatar da nawa. Ban ko gama da ganuwa ba marata ta ɗaure da fitsari. Na matse ƙafa, ina ɗaga wannan ina sauke waccan.

"Har rawar Sin kika koyo?" Hauwa ta tambaya, a gaban kowa.

"An iznik, Abla!" kawai na iya cewa don neman izini, na kwasa da gudu, dariyar ajin na bin bayana. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abla ta tausaya mini ta ba ni wata dama. Sabon bincikena: yadda ake ce wa mai shayi ya isa, a Sin da Madina. Baƙuwar ce da kanta ta koya mini, kuma na ci makin.

Tun ranar na san wadda finjali ya gagara ba ta ɗaukar ƙasa guda a ka.