Muryar Yaya da Buhun Wayoyina

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da makon auren Ummi ba. Amma kafin in shiga labarin, gara ku san da wa kuke magana. A duk faɗin Kazaure, daga bakin dam har gindin duwatsu, babu na'urar da ta taɓa ganina ba ta shiga taitayinta ba. A ofishinmu ma ba a kirana da sunan yanka, Injiniya ake ce mini. (Asalin sunan kuwa, wata rana firinta ta ƙi aiki, ma'aikata suka kewaye ta kamar masu jinya. Ni na hango filogin ya zare daga bango. Sai na tura shi da ƙafa a ɓoye, na daki firintar sau uku da tafin hannu, ta tashi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku.) Baiwar kuma tun ta yarinta ce. Ina ɗan shekara tara na kwance rediyon yayana don in ga mutanen da ke magana a ciki. Na mayar da ita tsaf, har na samu rarar noti huɗu. Ba ta sake magana ba, amma wannan matsalarta ce.

Wannan yayan nawa, Malam Habu, malamin sakandare ne, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Auta yake ce mini har na yi aure na tara iyali. Ya rasu ya bar 'ya ɗaya, Ummi, mai sunan mahaifiyarmu, tana firamare. Da ciwo ya tsananta, ya ga alamar ba zai ga aurenta ba, sai wata rana ya tura ƙofar ɗaki, ya zauna gaban laftof ɗinsa ya naɗi muryarsa. Nasihar nan da uba ke yi wa 'yarsa kafin a kai ta ɗakin miji, ita ya yi mata tun da sauran numfashi. Ya ce wa matarsa, Hajiya Rabi, kada kowa ya saurara sai ranar. Ta naɗe laftof ɗin a zani, ta sa a ƙasan akwati, ta koma kan keken ɗinkinta. Da keken nan ta raini yarinyar har ta gama karatun jinya.

Saura mako guda ɗaurin aure, Hajiya Rabi ta aika a kira ni.

"Auta, abin nan ya ƙi tashi. Tun safe yake jone da wuta, ko ƙyaftawa bai yi ba. Ko Kano za a kai?"

"Kano?" Na dafe ƙirji. "Ina raye, Hajiya? Ai mutanen Kano ni suke bugo wa waya in abu ya cije musu."

"Ni dai a cin tuwo na san ka da ƙwarewa," in ji ta. (Akwai wasan ƙanin miji da matar wa tsakaninmu, kuma kullum ni ake kayarwa.)

Ummi tana gefe tana ninke kayan da aka ɗinka mata. Ba ta yi dariya ba. A hankali ta ce, "Baffa, na fa manta muryarsa. Fuskar ina gani a hoto, amma muryar ta ɓace mini. In na matsa wa kaina sai na tuno, taka nake ji."

Tausayinta ya kama ni. Ni kuwa in tausayi ya kama ni, cika baki ne maganinsa. Na ce, "Uwata, ranar Asabar, kafin ki taka ƙofar gidan nan, za ki ji Babanki da kunnenki. In ba haka ba, a tuɓe mini Injiniya a gaban jama'a."

Laftof ɗin dai ta riga mu gidan gaskiya, wannan ko makaho ya gani. Amma na taɓa ji a ofis cewa ko kwamfuta ta mutu, akwai wani ƙarfe a cikinta da masu gyara ke kira had-dis, shi ne rumbun da take zuba komai. In ka ciro shi ka haɗa da wata kwamfutar, ajiyarka na nan. Na kwance, na ciro shi lafiya lau, ɗan abu kamar gwangwanin kifi da mota ta taka. Na naɗe a hankici, na sa a aljihun ƙirji, na nufi shagon Malam Isa mai gyaran kwamfuta.

"Wani abokina ne ke neman wayar da ake haɗa rumbun tsohuwar laftof da sabuwa," na ce masa ina kallon silin. (Abokin nan nawa ya sha wuya a makon nan, Allah ya saka masa.)

Malam Isa ya miƙo mini wata waya mai adafta a baki. "Wannan ce. Amma ka ce masa ya kawo rumbun in duba, don wasu tsofaffin suna zuwa da wani..."

"Malam Isa," na katse shi, "ni za ka yi wa lacca? Lokacin da na fara kwance rediyo ko rarrafe ba ka fara ba."

Ya karɓi kuɗinsa ya koma kan aikinsa. Rumbun kuwa yana aljihuna, tsakaninsa da hannun Malam Isa bai kai kamu biyu ba.

Da na isa gida na ga tashin hankali. Adaftar tana da ƙananan ramuka layi biyu, wato haƙora take jira su shige. Rumbun Yaya kuwa ba shi da haƙori ko ɗaya. Wani baƙin leɓe ne kawai a bakinsa, sumul, dasashi zalla kamar na kakarmu. Na juya ta nan, na juya ta can, na yi bisimilla na sake gwadawa. Ina! Nan take na yanke hukunci cewa Malam Isa bai san aikinsa ba. Komawa wurinsa kuma bayan abin da na faɗa, ai gara a ce na yi tsirara a tasha. Sai na zana bakin rumbun a takarda da biro, na hau babur, na fita neman adafta a garuruwan da ba a san Injiniya ba.

A Roni, mai sayar da cajar waya ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo a juye, sannan ya ce, "Alhaji, rikicin gona ne?" Duk da haka na sayi waya biyu don kada in fito hannu rabbana.

Ranar kasuwar Gwiwa na tsuguna gaban wani dattijo mai gyaran rediyo a gindin bishiya, ina yi masa bayanin abu mai dasashi ba haƙora. Wani Bafulatani da ke jiran a gyara masa tocila ya saurara har ƙarshe, ya gyara sandarsa a kafaɗa ya ce, "To in ba shi da haƙora, ka dama masa fura mana." Aka yi ta dariya, har da ni, don ban ga wata mafita ba. Nan ma na ƙaro waya uku.

A Babura aka nuna mini wani mai kawo kaya daga Nijar, aka ce ko wayar jirgin sama kake nema yana da ita. Ya rantse mini cewa wadda ya ba ni ita ce. Ba ta shiga rumbun ba, amma ta shiga ɗaya daga cikin na Roni, ita kuma ta shiga ta Gwiwa. Sai na ga kamar haske ya fara zuwa. Na dinga ƙara waya a kan waya, adafta a bakin adafta, har na haɗa igiyar da za a ɗaure akuya a Babura a riƙe ta a Kazaure. Matata ta yanki rabi ta yi shanya.

Kullum da yamma Hajiya Rabi sai ta bugo. "Injiniya, ya ake ciki?"

"Saura ƙiris."

"To kawo abin in gani mana, ko ido in sa masa."

"A'a, Hajiya! Hannun da ya taɓa man keke in ya taɓa shi, muryar gudu za ta yi." (Ban san inda na samo wannan ba. Allah ya yafe mini.)

Ranar Juma'a ya kamata in sauke girman kai in hau motar Kano, ko in taka zuwa shagon Malam Isa. Kun san abin da na yi? Lasifika na aro, don kowa ya ji da kyau.

Asabar da safe aka ɗaura aure, ni ne waliyyi, na sha babbar riga. Bayan la'asar motocin dangin ango suka iso daga Roni suka jeru a ƙofar gida. A falon Hajiya Rabi, gwaggonni da innoni sun cika tabarmi, Ummi tana tsakiya a lulluɓe, an ajiye sabuwar laftof ɗinta a kan ɗan tebur, jone da lasifikar da na aro. Kowa ya san abin da ake jira. Na shigo da buhun wayoyina, na zazzage a ƙasa.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifinmu. "Wutar gari za a ja mana?"

Na tsuguna na fara jone-jone. Gumi ya bi ta ƙarƙashin hula ya gangaro har gemu. Na gwada ta Roni, na gwada ta Gwiwa, na gwada ta mutumin Nijar, alhali na san babu wadda za ta shiga. Jira nake wani abu ya faru, kamar ranar firinta. Har teburin na daka sau uku. Wannan karon babu filogin da zan tura da ƙafa.

Direban dangin ango ya yi hon a waje.  Na cire hula na riƙe a hannu.

"Ummi," na ce, "ban iya ba. Tun ranar Lahadi ban iya ba. Ƙarya nake ta yi muku."

Na shirya wa dariya, na shirya wa faɗa. Abin da ban shirya wa ba shi ne muryar da ta fito daga cikin mayafi. "Ba komai, Baffa. Ai kai ma ubana ne. Ka yi mini nasihar da bakinka."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ƙato da ni, ga furfura, na kasa ɗaga kai.

Sai Hajiya Rabi ta miƙo hannu. Babu wasa a fuskarta. "Ba ni shi in riƙe, Auta. Ko bai yi magana ba, ai mijina ne a ciki."

Na miƙa mata. Ta ɗora shi a tafin hannu tana shafawa da babban yatsa, kamar yadda take shafa yadi in tana neman inda aka yi haɗi. Ta shafa, ta sake shafawa, sai yatsan ya tsaya a kan baƙin leɓen nan.

"Wannan ai ba jikinsa ba ne," in ji ta. "Sawa aka yi. Ga gaɓar nan."

"Hajiya, kada ki..."

Ta sa farcenta mai lalle, ta ɗan girgiza shi hagu da dama, ta ja. Abin ya fita kamar marfin biro. A ƙarƙashinsa ga haƙora nan reras, layi biyu, suna ƙyalli, kamar suna yi mini dariya.

Ashe ɗan abin nan na tsohuwar laftof ɗin ne, an dasa shi a kan haƙoran don rumbun ya zauna a gurbinsa. Abin da Malam Isa ya so faɗa mini kenan na toshe masa baki. (Tun ranar, in mutum ya ce mini "amma", nakan kama bakina da hannu har sai ya kai aya.) Na tona can ƙasan tulin wayoyin na zaƙulo ta Malam Isa, ta ranar farko. Ta shige ɗaf. Ummi ta ɗan ɗaga mayafi ta duba allon, ga sunanta nan a rubuce. Ta danna.

Aka ji tari kaɗan, da ƙarar kujera.

"Assalamu alaikum. Ummi, Babanki ne."

Yarinyar ta dafe baki da hannu biyu. Gwaggo Hansai ta fara salati. Ni kuwa na nemi gefen babbar riga.

"In kina jin wannan, to kin girma, ni kuma Allah ya yi ikonsa. Ba zan ja ki da tsawo ba, na san ana jiranki a waje. Ki riƙe salla. Ki mutunta mijinki da mutanensa. In ranki ya ɓaci, ki fara cin abinci kafin ki yi magana, don irina ce ke, yunwa ke sa mu faɗa. Ki riƙa leƙo mahaifiyarki. Ba za ta taɓa cewa tana kewarki ba, sai dai ki ga ta aiko miki da ɗinkin da ba ki tambaya ba."

Hajiya Rabi ta yi dariya, hawaye na zuba a kan ɗan baƙin abin da ke hannunta.

"Baffanki Auta shi ne ubanki yanzu. Surutu gare shi, amma ki riƙe shi da kyau. In kika ce kina son abu, zai zagaye ƙasar nan a kan babur sai ya nemo miki. Allah ya yi miki albarka, uwata. Allah ya sa gidanki ya zama wurin hutawarki."

Falon ya amsa da amin. Ummi ta matso ta kama hannuna ta riƙe gam. Na share fuska, na mayar da hulata, har na ɗan karkata ta gefe, ina duban gwaggonni don in tabbatar kowa ya ji abin da aka faɗa a kaina. Na buɗe baki zan ce wani abu kenan, sai lasifikar da na aro da hannuna ta sake yin tari.

"Af, na manta. Rabi, in abin nan ya lalace kafin ranar, don Allah ki kai wa wanda ya iya. Kada ki ba Auta. Har yau ban manta rediyona ba."